Filin Jirgin Saman Jidda: Tambayoyi da Amsoshi ga Maniyyata da Sauran Matafiya

Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda shi ne babbar ƙofar shiga Makka, kuma da wuya a sami alhaji daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru ko Cadi da bai taɓa zama a cikinsa yana jiran jirgi ba. Yawancin wahalar da ake sha a nan ta rashin sanin tsarin wurin ce tun daga gida. Ga tambayoyin da aka fi yi.

A ina filin yake, kuma yaya girmansa?

Yana arewa da tsakiyar birnin Jidda da kimanin kilomita 19, kusa da gaɓar Bahar Maliya. An buɗe shi a 1981, ya gaji tsohon filin unguwar Kandara wanda gari ya cim masa ya kewaye shi. A tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka za ka ga an rubuta JED, wannan ita ce alamarsa. Faɗin ƙasarsa ya haura murabba'in kilomita 100, yana da titin sauka da tashi guda uku a jere, biyu masu tsawon mita 4,000, ɗaya mita 3,800. A 2024 fasinjoji sama da miliyan 49 suka bi ta cikinsa, wanda ya sa ya fi kowane fili cunkoso a Saudiyya. Nan ne babban sansanin kamfanin Saudia, kuma flynas da flyadeal ma suna da jirage da yawa a nan.

Na ji ana cewa tasha-tasha ne. Da gaske ba gini ɗaya ba ne?

Da gaske ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Tashoshin fasinja uku ne ke aiki, kuma ba a taka ƙasa daga wannan zuwa waccan.

Tasha ta 1 ita ce sabuwa. Ta fara karɓar jirage kaɗan-kaɗan a watan Mayun 2018, Sarki Salman ya buɗe ta a hukumance a watan Satumbar 2019. Faɗinta murabba'in mita 810,000, an tsara ta don fasinja miliyan 30 a shekara, tana da ƙofofin shiga jirgi 46. Saboda tsawonta, akwai ɗan jirgin ƙasa marar direba a ciki da ke kai fasinjojin ƙasashen waje ɓangarensu. A zauren masu isowa akwai wani dogon tankin gilashi na kifaye mai tsayin mita 14, wanda ya zama wurin haɗuwa: idan ka ce wa mai tarbarka ku haɗu a gindin kifi, ba zai ɓata ba. Hasumiyar kula da jirage da ake hangowa daga nesa tsayinta mita 136.

Tashar Arewa tsohuwa ce, ƙarama, kuma wasu kamfanonin ƙasashen waje ne ke amfani da ita, musamman masu araha. Sau da yawa a can bas ke kai mutum gindin jirgi. Sai Tashar Alhazai, wadda aka keɓe wa jiragen Hajji da wasu na Umara. Tsohuwar Tashar Kudu, inda Saudia take a da, ta daina aikin fasinja na yau da kullum tun da aka koma sabuwar, don haka wanda ya yi Umara shekara goma da suka wuce kada ya dogara da abin da ya sani a lokacin.

Tsakanin Tasha ta 1 da Tashar Arewa tafiyar mota ce ta minti 20 zuwa 30, domin sai an zagayo filin ta babban titi. Mutum ya ce wa direba "filin jirgi" kawai, direba ya ajiye shi a Tasha ta 1, ya shiga layi, sai a gaban kanta a ce masa jirginsa yana Arewa. Kafin ya sake loda kaya ya sami wata motar, an rufe awo. Kuskuren da ya fi sa mutane rasa jirgi a Jidda ke nan.

To yaya zan san tashata?

Duba tikitinka, kusa da JED za ka ga lamba 1, ko harafin N, ko kalmar Hajj. Ka sake dubawa a manhajar kamfanin jirgin kwana ɗaya kafin tafiya, domin kamfanoni suna ƙaura daga wannan tasha zuwa waccan, kuma kamfani ɗaya yana iya sauke jirgin kasuwa a wata tasha, na alhazai a wata. Tashar da ka sauka ba lallai ita ce za ka tashi daga cikinta ba.

Me ya sa Tashar Alhazai take kamar tantuna?

Da gangan aka yi ta haka. Kamfanin zane na Amurka Skidmore, Owings & Merrill ne ya tsara ta, tare da injiniya Fazlur Rahman Khan, ɗan asalin Bangladash. Matsalar da aka sa musu a gaba ita ce yadda za a saukar da dubban mutane a lokaci guda, cikin zafi, na 'yan makonni kawai a shekara. Gina rufaffen zaure mai na'urar sanyaya ɗaki da zai ɗauki wannan jama'a zai ci kuɗin da ba shi da iyaka, sannan ya zauna babu kowa mafi yawan shekara. Sai suka yi rumfa.

Tantuna 210 ne, kowanne faɗinsa mita 45 ta kowane gefe, an rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin ginshiƙai masu tsayin mita 45. Yadin na zaren gilashi ne da aka shafe da Teflon: yana mayar da mafi yawan zafin rana, yana barin haske ya shigo ba sai an kunna fitila da rana ba. Kowane tanti yana da kafa a ƙololuwarsa, iska mai zafi ta tashi ta fice ta nan, mai ɗan sanyi ta shigo ta gefe tunda babu bango. An tsara wurin ya ɗauki alhazai 80,000 a lokaci ɗaya, kuma ya ci kyautar zanen gine-gine ta Aga Khan a 1983.

Abin da wannan ke nufi ga mai tafiya: zauren shige da fice da na awo suna da sanyi, amma babban filin jira a buɗe yake. Inuwa ce, ba ɗaki ba. Jidda gari ne na bakin teku, zafinsa mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Sakkwato ko Agadas ba. Da sanyin hunturu kuma, cikin dare iska na kaɗawa har mai harami ya ji a jikinsa. A riƙe gorar ruwa, ƙaramar tabarma ko darduma, da mayafi a jakar hannu.

Duk alhazan Najeriya a Jidda suke sauka?

A'a. A 'yan shekarun nan hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, tana kai mafi yawan maniyyata Madina kai tsaye, su sauka a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, su yi ziyara, sannan su wuce Makka ta mota. Sawun ƙarshe-ƙarshe, idan Arfa ta matso, su ne sukan sauka Jidda. Dawowa gida kuwa galibi daga Jidda ake yi.

Awa nawa ne daga Kano, kuma yaya bambancin lokaci?

Tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa huɗu da 'yan mintuna idan an bi ta samaniyar Cadi da Sudan kai tsaye. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 an rufe samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi da awa biyu, yana gaban na Ghana da awa uku, na Sudan da awa ɗaya. Lokacin tashi da aka rubuta a tikiti na agogon garin da jirgi zai tashi ne. A kula da jiragen tsakar dare: idan an rubuta 00:40 ranar Talata, daren Litinin za ka je fili, ba daren Talata ba.

Zan iya bari sai na sauka Jidda in ɗauki harami?

Jidda tana cikin da'irar mikatai, ma'ana wanda jirginsa ya sauka a can ya riga ya wuce daidai mikati tun yana sama, ko dai saitin Juhfa ko saitin Yalamlam, gwargwadon hanyar da jirgin ya biyo. Fatawar manyan malaman Saudiyya, wadda ita ce ta mafi yawan malamai, ita ce mai nufin Makka kai tsaye ya yi niyya a cikin jirgi. Akwai malaman da suka yi sauƙi suka halatta ɗauka a Jidda ga wanda ya zo ta sama ko ta ruwa, don haka kowa ya tambayi malaminsa tun a gida, ba a cikin jirgi ba.

Ga mai bin ra'ayin farko, ga yadda abin ya fi sauƙi. Ka yi wanka a gida ko a sansanin alhazai. Ka ɗaura zanen haramin tun a filin jirgin da za ka tashi, ko a inda za ka canza jirgi kamar Alƙahira ko Adis Ababa. Kana iya sa riga a kai ka cire daga baya. Jiragen da suka saba da masu Umara sukan yi sanarwa kafin a kai mikati, amma ba duka ba, kuma barci na iya kwashe mutum, don haka idan saura kamar minti 45 a sauka ka shirya ka yi niyya ka fara talbiyya. Kada ka sa haramin a babbar jaka. Kada kuma ka yi shirin canza kaya a bayin jirgi: ƙarami ne, ƙasansa a jiƙe, layi kuma ya yi tsawo a daidai wannan lokacin. Wanda ya wuce mikati bai yi niyya ba, ko dai ya koma mikati, ko ya yanka dabba a Makka a raba wa mabuƙata.

Wanda zai fara zuwa Madina ba ruwansa da wannan duka, mikatinsa Zul-Hulaifa ne, wato Abyar Ali, ranar da zai baro Madina.

Me ake yi daga saukowa har fita?

Da farko jami'an lafiya, musamman lokacin Hajji. Ana neman shaidar allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isowa, da ta shawara ga masu zuwa daga ƙasashe irin su Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Cadi. Akan kuma ɗiga wa masu zuwa daga wasu ƙasashe maganin shan-inna a baki, ko da manya ne.

Sai shige da fice: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza, hoton fuska da na yatsu. Ka buga bizar a takarda, kada ka dogara da waya, domin caji na ƙarewa kuma layinka na gida wataƙila ba zai kama ba. Na'urar yatsu takan ƙi karɓar busasshen hannu ko wanda aiki ya goge zanensa, wannan ya fi faruwa ga tsofaffi da manoma. Ɗan mai kaɗan a hannu tun a jirgi yana taimakawa. Hajiya, idan za ki yi lalle na tafiya, ki bar kan yatsu, domin lalle mai kauri kan jawo jinkiri a gaban na'urar.

Daga nan ɗaukar kaya, sai kwastam inda ake saka jakunkuna a na'ura. A Tasha ta 1 a rana mai sauƙi duk wannan bai fi awa ɗaya ba. A Tashar Alhazai lokacin jigila, a sa rai da awa uku zuwa shida kafin bas ya tashi, domin sai an haɗa ayari, an tantance sunaye, an loda kaya. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙe magani da ɗan abin ci a hannu.

Me aka hana shiga da shi?

Goro. Mun san wannan yana yi wa mutanenmu ciwo, amma an hana, kuma hukumomin alhazai suna nanata haka kowace shekara. Sai giya, naman alade, layu da duk abin da za a ɗauka kayan tsibbu ne. Ƙwayoyi irin su tramadol da kodin ba a wasa da su: safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. Maganin asibiti a bar shi a kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunanka, daidai adadin kwanakin tafiya. Garin magani na gargajiya da aka ƙulla a leda babu suna yana iya tsayar da kai awanni kafin a gwada shi.

Kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ɗan garinku ne, sai ka buɗe ka gani da idonka. Ka kuma ƙirga takardun jaka da aka liƙa a bayan tikitinka tun a filin da ka taso: idan jaka biyu ka ba da, lamba biyu za ka gani. Jakar da aka rubuta da sunanka taka ce a idon doka.

Game da kuɗi, iyakar da aka daɗe ana aiki da ita riyal 60,000 ce: tsabar kuɗi, zinari ko duwatsu masu daraja da suka kai haka dole a bayyana su ga kwastam, shiga ko fita. Masu sayen gwal na tsaraba ko na kasuwa su riƙe rasit, su kuma duba adadin da ke aiki a lokacin tafiyarsu.

Jakata ba ta fito ba. Yaya zan yi?

Kada ka fita daga zauren kaya. Je teburin kayan da suka ɓata da fasfo, katin shiga jirgi da ɗan tikitin jakar, a cike maka takardar rahoto, ka karɓi lambar bibiya, ka ba da sunan masauki da lambar da ke aiki a Saudiyya. Idan ka fita babu wannan takarda, neman ya zama roƙo. Jakar da ta fashe ana kai ƙorafinta a rubuce cikin kwana 7. Wadda ba ta zo ba har kwana 21 ana ɗaukarta ta ɓata, sai maganar diyya. Ga alhazai, yawancin ɓatan ba ɓata ba ne: jakunkunan jiha iri ɗaya ne, wani ya ɗauki ta wani. Rubuta suna da lambar fasfo da babban alƙalami a gefe biyu, ka ɗaura ƙyalle mai launi a hannunta.

Yaya ake zuwa Makka ko Madina daga filin?

Makka kimanin kilomita 100 ce, awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Madina ta haura kilomita 400, awa huɗu zuwa biyar.

Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 kuma yake gudun kilomita 300 a awa, yana da tasha a manne da Tasha ta 1. Zuwa Makka kusan awa ɗaya ne, zuwa Madina kimanin awa biyu. Abubuwa uku ne ke ba mutane matsala da shi. Kujera a kan lokaci ake sayar da ita, ga Ramadan kuma tana ƙarewa da wuri, don haka ka bar tazarar aƙalla awa uku tsakanin saukar jirginka da tashin jirgin ƙasan. Kaya an iyakance su, babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba da ta hannu. Sannan tashar Makka a unguwar Rusaifa take, sai ka sake hawa mota zuwa Harami. Mutum ɗaya ko biyu masu kaya kaɗan, jirgin ƙasa ya fi. Iyali mai mutum biyar da jakunkuna takwas, mota ɗaya har ƙofar masauki ta fi sauƙi, wani lokacin ma ta fi araha. Wanda ya sauka a Tashar Arewa kuwa sai ya fara zuwa Tasha ta 1 kafin ya ga jirgin ƙasa.

Akwai tasi masu lasisi a bakin ƙofa, Uber da Careem suna aiki, akwai kuma bas zuwa cikin Jidda. Masu tare mutum a cikin zaure suna cewa "Makka, Makka" a bar su. Idan dole ta sa, a gama ciniki kafin a sa jaka a but, a kuma fayyace kuɗin na mota ne ko na kowane mutum. Alhazan hukuma ba sa neman mota, bas ɗinsu na cikin kuɗin kujera.

Layin waya da canji fa?

Kamfanonin stc, Mobily da Zain suna da kanti a zauren isowa na Tasha ta 1. Ana buƙatar fasfo da hoton yatsa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala ɗaya, tun 1986, don haka kana iya gane ko farashin ɗan canji ya yi nisa. Canza kaɗan a fili, na mota da abinci, sauran a gari. Soket irin na Najeriya da Ghana ne mai ƙafa uku. Wanda ya zo daga Nijar, Cadi ko Kamaru da caja mai ƙafa biyu zagayayyu ya nemi mahaɗi. Lambar gaggawa a yankin Makka, har da Jidda, 911 ce.

Ina da canjin jirgi a Jidda. Zan iya fita in yi Umara?

Sai da biza. Tun watan Janairun 2023 akwai bizar yada zango ta awa 96 ga masu tikitin Saudia ko flynas, ana nemanta lokacin sayen tikitin, kuma ta halatta Umara. Ka tabbatar fasfonka ya cancanta kafin ka biya. Idan tazarar ba ta kai awa 10 zuwa 12 ba, ba mu ba da shawarar gwadawa: shige da fice, tafiya da dawowa, ɗawafi da sa'ayi, da komawa fili awa uku kafin tashi, lissafin ba ya fita. Wannan biza, da ta Umara, da ta ziyara, babu wadda ake Hajji da ita. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar na shekara 10.

Ranar komawa, yaya batun kaya da Zamzam?

Mai jirgin kasuwa ya isa awa uku zuwa huɗu kafin tashi. Alhazai akan kwaso su daga Makka tun da sauran awanni da yawa, kuma manyan jakunkunansu an riga an auna su a masauki. Abin da alhazan Najeriya suka saba da shi shekaru da yawa shi ne kilo 32 na babbar jaka da kilo 8 na hannu, amma a bi abin da hukuma ta sanar a shekarar. Rigimar kullum a kan jakar hannu take: an cusa mata dabino, darduma da tulun shayi ta kai kilo 15, a bakin ƙofa a ce a rage, mutum ya zubar da tsarabar da ya saya da kuɗinsa. Abin da ya yi yawa a ba kamfanin kago tun a Makka.

Filin ba ya karɓar ƙunshin da aka ɗaure da igiya, ko aka naɗe da zane, ko jaka mai dogayen maɗaurai da ke lilo, domin suna maƙalewa a bel ɗin kaya su tsayar da layi gaba ɗaya. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da ka yarda ka biya ƙari. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a babbar jaka ba. Almakashi, reza da ruwan da ya wuce mililita 100 kuma akasin haka.

Zamzam ba a sa shi cikin jaka ko kaɗan. Na'ura tana ganinsa, a ware jakar, a buɗe a cire, wani lokacin jirgi ya tashi ya bar ta. Abin da aka yarda shi ne gora ɗaya mai lita 5 a rufaffen kwalinta na hukuma, ana saya a wurin da aka tanada a filin da fasfo, ga mai bizar Umara ko Hajji, idan kamfanin jirginsa yana ɗauka. Alhazan Najeriya na hukuma ba sa saya a nan: jiragen da suka kai maniyyata suna dawowa da shi tun lokacin jigilar tafiya, a raba musu idan sun sauka gida.

An taɓa yin babban hatsari a wannan fili?

An yi, kuma ya shafe mu kai tsaye. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi da alhazai zuwa Sakkwato. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, aka bar shi ya tafi a haka don kada a makara. Tayoyi biyu suka fashe yana gudu a kan titi, ƙarfen ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙan ba su sani ba suka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Sun juyo don su sauka, jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu, fasinja 247 da ma'aikata 14. Allah Ya jiƙansu.